Injin da Na Gwada ta Bayan Labule

Ku samarin nan da kuke zama a bencin shagona kuna shan inuwa, na ji abin da kuka ce rannan, ba gyangyaɗi nake yi ba. Wai zaɓen kwamfuta ba sana'a ba ce, mutum ya buɗe waya ya karanta lambobi, wadda lambarta ta fi girma ita ce gaba. To madalla. Ni dai a cikin aikin nan gemuna ya yi fari, kuma har yau idan aka dire mini babban inji a kan teburi aka ce, "Malam Isiyaku, duba mana ko zai yi a gida," sai na yi bisimilla kafin in taɓa shi. Wanda ya kawo shi ba lambobi yake tambaya ba. Akwai abin da ya ɗora a kan injin, wani karatun ɗansa, wani abincin gidansa, kuma da abin da ya fito daga bakina zai yi aiki.

Akwai guda ɗaya da ba na mantawa. Na matar abokina ne, mijinta ya rasu, ita kuma tana cikin takaba, kuma zamanta a Inugu ita da 'ya'yanta ya rataya a kan ko injin zai yi ko ba zai yi ba. Amma kafin in kai ku can sai kun san inda na koyi taɓa inji, in ba haka ba za ku ce ƙari nake yi.

Da baro na fara, a Anacha. Na zo ci-rani daga ƙauyenmu, ina ɗauko kaya daga bakin kogi zuwa shagunan unguwar Fegge. Akwai wani Ibo mai shagon kwamfuta, Oga Chidi, wanda kwalayensa nake yawan ɗauka. Sauran 'yan baro jefa kwali suke yi kamar buhun garin kwaki, ni kuwa tsoron biyan abin da ban san kuɗinsa ba ya sa nake sauke shi a hankali, a tsaye yadda aka zana kibiya. Wata rana ya tsaya ya kalle ni, ya ce, "Aboki, you get sense. Come tomorrow, leave barrow." Wato in bar baro in zo ya koya mini aiki. Na kwana ina murna, ina ganin gobe war haka na zama injiniya.

Buroshin fenti ya miƙa mini. Damina ta wuce, rani ya shigo, ni da buroshi da abin hura iska, ina kaɗe ƙura daga cikin injinan mutane. Ko noti ɗaya bai bar ni na kwance ba. Abin da yake sa ni yi uku ne. Duk injin da aka kunna, in sa bayan hannuna a inda iska take fita. In sunkuya in sansana. Sannan in yi shiru in saurara. Idan zai gwada inji sai ya kashe rediyo, ya kori masu hira, har matarsa in ta kawo abinci sai ta tsaya a ƙofa. Na ɗauka wulaƙanci ne. Sai da aka daɗe na lura ina gane fankar da ta kusa mutuwa tun daga bakin titi, ina kuma bambanta warin ƙura mai zafi da warin waya da ta fara narkewa. Ranar da ya ba ni sukundireba, ya ce yanzu kunnena ya buɗe, hannu kuma abu ne mai sauƙi.

Kayan aikina ga su nan kuna ganinsu kullum, har kuna yi musu dariya. Sukundireba mai maganaɗisu don kada noti ya faɗa cikin inji. Mitar auna wuta. Tocila. Ɗan madubi irin na masu cire haƙori, don leƙa bayan abin da ido ba ya kaiwa. Farin man nan da ake shafa wa ƙwaƙwalwar inji don ta riƙa miƙa zafinta ga ƙarfen sanyaya. Sai zaren ɗinki, wanda na san shi ya fi ba ku dariya. Ka riƙe shi a bakin fanka, in ya miƙe ya yi rawa iska tana fita, in ya langaɓe to injin yana shan numfashin kansa ne.

Shekarar da ta karya mu, abu biyu ne suka haɗu. Kogi ya cika ya shigo unguwa, ruwa ya kwana a shago har gwiwa. Injinan da ke ƙasa, namu da na mutane, muka yi ta shanya su a rana kamar barkono, amma tsatsa ta riga ta shiga, kaɗan ne suka tashi. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga wayoyin shafawa sun cika gari, shagunan shiga intanet da muke yi wa gyara suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Oga Chidi ya koma sayar da rigar waya da caja. Mutumin kirki ne, bai riƙe ni ba. Ya sallame ni da akwatin kayan aiki da addu'a irin tasu, na hau mota na zo nan Inugu, unguwar Ogui, na kama wannan ɗan shagon. Sai in wuni ba wanda ya yi mini sallama in ba mai tallan gyaɗa ba. Na kai ga ina tambayar farashin baro.

A wannan halin Sabi'u ya same ni. Shi ne mai ɗaukar bidiyon biki da suna na Hausawan garin nan, har Anacha da Fatakwal ake kiransa. Siriri ne, mai fara'a, ba ya zama wuri ɗaya. Ya fara kawo mini 'yar kwamfutarsa ta cinya, wadda ta tsufa har murfinta da salatif yake riƙe, sannan ya yi ta turo mini masu ɗaukar hoto 'yan'uwansa. Su ne mutanen da waya ba ta isar musu, dole sai babban inji. Da su na miƙe. A wurin gyaran nan ne kuma na san abin da mutane da yawa ba su sani ba: Sabi'u ɗauka kawai yake yi. Yankawa da jerawa da sa kiɗa da rubuta sunan amarya, duk matarsa Hajara ce take yi a ɗaki. Haifaffiyar Ogui ce, ta yi sakandare, tana jin Ibo kamar ruwa. Shi da bakinsa ya ce mini in ya zauna gaban abin minti kaɗan barci yake ji.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai yi mako ba Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar ta da yara uku, da bukukuwan mutane da ya ɗauka ba a haɗa ba. 'Yar kwamfutar kuma tun yana kwance ta mutu, irin mutuwar da ko ni ban iya tayar da ita ba.

Bayan an share makoki sai ga yayansa a shagona, Alhaji Ɗanliti, dillalin shanu da ke kawo wa mahauta kaya daga Arewa. Wani mai keke ya sauke masa ƙaton kwali. Muka gaisa, na sake yi masa ta'aziyya, na tambayi mutanen gida da hanya da kasuwa, ya amsa duka, sannan ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Malam Isiyaku, magana ce na zo da ita. Inna tana can gida ta ce da an fita takaba in kwaso mata jikokinta da uwarsu. Ta rasa ɗa, tana so ta ga masu kama da shi. Ni ma abin da na ga ya dace ke nan, mace ita kaɗai da yara a garin da ba namu ba, wa zai ci da su?"

Na ce, "Haka ne, Alhaji."

"To ita Hajara ta roƙe ni abu ɗaya. Wai in saya mata babban inji daga abin da marigayi ya bari, ta ƙarasa aikin mutane, ta ci gaba da sana'ar a ɗakinta, yara su zauna a makarantarsu. Ni ban taɓa ganin ta yi ba. Na ɗauka taya shi danne-danne take yi. Amma ban so in hana ta a ce na danne marayu. Na sa an ɗauko wannan daga Anacha, na hannu ne, ɗan Beljiyam. Mai shi ya ce in bai yi ba a mayar masa kafin ƙarshen mako. Na gaya mata, in ka ce ya yi, ta zauna mu gani. In ka ce bai yi ba, ba na sake wani, sai haɗa kaya." Ya mayar da hularsa. "Saniya in na kalle ta na san abin da ke jikinta. Wannan kuwa sai kai. Ka ji tsoron Allah ka gaya mini gaskiya."

Ban ga laifinsa ba, kuma har yau ban gani ba. Mutum ne da aka ɗora wa kaya ta gaba da ta baya.

Injin kam ya amsa sunansa. Dogo ne baƙi, gefensa gilashi, in an kunna fitilu masu launi suna zagayawa a ciki kamar motar amarya. Irin wanda kuke gani ku ce a naɗe muku. Fitilun nan ba sa ƙara masa gudu ko na sisi. Ni kan notocinsa na fara dubawa, don su ne suke faɗa maka hannu nawa ya riga ka shiga. Waɗannan ba su ci wuya ba. Na buɗe, na duba ƙurar ciki, fara ce mai laushi irin ta ofis, ba baƙa mai maiƙo ta inda ake girki ba. Na bi ƙananan gwangwanayen da ke kan allon ciki da tocila da madubi, ko akwai wanda kansa ya kumbura, babu. Na zare katin da ke sarrafa hoto, wanda shi ne jigon aikin bidiyo, na sansana shi. Akwai masu gasa katin da ya mutu da wuta ya farfaɗo na ɗan lokaci su sayar, warin kuma ba ya ɓuya. Wannan lafiyarsa ƙalau. Na auna akwatin da ke raba wa injin wuta, yana bayarwa daidai. Man ƙwaƙwalwar ne kawai ya bushe ya zama kamar alli, na goge na shafa sabo.

Na kunna shi na ɗora masa aiki mai nauyi, ya ja ba ko tari. Allon kallon da ya zo da shi faɗi gare shi, launinsa bai karkata ba, baƙar fata tana fitowa baƙa mai kyau, ba toka-toka ba. Wannan babban abu ne ga mai aikin biki, don amarya za ta yafe maka komai ban da ka ɓata mata fuska.

Alhaji ya ce, "To, ya yi ke nan?"

Na ce, "A shago ya yi. Saura gida."

Ga abin da lambobinku ba sa faɗa. Shagona yana da fanka a sama da siminti a ƙasa, da ƙofa a buɗe. Injin gida kuwa a ɗakin da ake kwana zai zauna, cikin katifa da labule da turaren wuta da yara. Wutar gidan daban, janaretan gidan daban, zafin kwanon gidan daban. Injin da ya yi sarauta a shago yana iya zama gawa a ɗaki. Shi ya sa ban taɓa cewa inji ya yi ba sai na ji shi a inda zai rayu, da rana tsaka, a kan aikin da aka saye shi dominsa. Na gaya wa Alhaji haka.

Ya ce, "Gidan takaba ne fa, Malam."

Na ce, "Na sani. Ba sai na shiga ba."

Kafin mu tafi na ɗaura wa kowace waya zare mai launi, na ɗiga fenti irin launin a ramin da za ta shiga, yadda ko wanda bai taɓa haɗa inji ba ba zai ɓata ba. Na haɗa da akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke. Washegari bayan azahar muka isa. Gidan haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, dogon lungu a tsakiya. Matar mai gidan, Mama Nkechi, wata ƙatuwar dattijuwa mai son Hajara kamar 'yar cikinta, ita ta kinkimi injin ta shiga da shi, ta fito mana da benci ta ajiye a bakin ƙofa. Labule mai kauri ne a tsakaninmu da ɗakin.

Daga ciki Hajara ta gaishe da Alhaji, ta gaishe ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Na yi mata gaisuwar rashi, na ce, "Maman Ummi, yau ke ce idona da hannuna. Abin da na tambaya ki faɗa mini yadda yake, ko da kin ga ba shi da daɗin ji."

Ta ce, "To, Malam."

Na ji motsin kaya, na ji ana jan wani abu, an daɗe, sannan ta ce ta haɗa. Na ce ta ɗora masa aikin da ya fi kowanne nauyi a cikin waɗanda marigayi ya bari a katunan kyamararsa. Ta ce akwai bikin 'yar wani mahauci na wajen kasuwar Creek Road a Fatakwal, shi ne na ƙarshe da ya ɗauka, kuma masu shi sun fara aike. Ta jera wani sashe, ta sa injin ya haɗe shi ya fitar da shi a matsayin fim guda. A aikin bidiyo nan ne inji yake nuna ko shi wane ne, don duk ƙarfinsa yake zubawa.

Muka zauna. Kwanon rufi yana ƙara don zafi, Alhaji yana fifita da hula. Ta riƙa faɗa mini inda layin aikin ya kai: ya ɗan taɓa, ya kusa rabi, ya wuce rabi. Sai na ji ɗif. Fanka ta yi shiru.

Ta ce, "Malam, ya mutu."

"An ɗauke wuta ne?"

"A'a, ga ƙwan ɗaki a kunne."

Alhaji ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ba da murna ya yi ba, amma na ga kamar an sauke masa wani abu daga kafaɗa. Ya ce, "To, Malam, a shago ya yi, a gida ya ƙi. Kai da bakinka ka ce na gida shi ne gaskiya."

Maganata ce, ba yadda zan yi in janye ta. Daga bayan labule na ji wani ɗan sauti na wanda yake haɗiye kuka. Tsoro ya kama ni, raina kuma ya ɓaci, don na san abin da na gani a cikin injin nan, lafiyayye ne. Amma ƙarya ba zan yi wa Alhaji ba, ko don 'ya'yan Sabi'u. Na ce ya ba ni dama ɗaya, a bar shi ya huce a sake, in ya ƙara mutuwa ni da kaina zan ɗaure kwalin. Ya koma ya zauna.

Da ta sake kunnawa na roƙi a yi mini shiru. Mama Nkechi ta bi lungun tana buga ƙofofi, rediyo ya mutu, mai daka ta ajiye taɓarya. Na matsa da benci har kunnena ya kusa taɓa labule, na rufe ido. Fankar tana juyawa, amma ƙararta ba irin ta jiya ba ce, ta dushe, kamar daga cikin tukunya take fitowa. Da aikin ya yi nauyi ta ƙara gudu sai na ji wani abu a kan ƙarar, siriri, ƙil-ƙil-ƙil. Na san wannan sautin, a ɗakin matata ma akwai shi in babbar mota ta wuce. Kofunan tangaran ne suke taɓa juna.

Na ce, "Maman Ummi, tsayar da shi. A ina kika ajiye injin nan?"

Ta ce, "A cikin kabad ɗin gilashi, Malam. Na kwashe kwanukan ƙasa na shimfiɗa masa bargo don kada ya goge. Na yafa masa mayafi saboda ƙura, na fito da wayoyin ta baya na rufe ƙofar, don auta ba abin da ba ta ja."

Mama Nkechi ta ce, "Na so! E fine well well for there," wai ai ya yi kyau a wurin.

Ban yi dariya ba, kuma kada ku yi. Haka matanmu suke girmama abu mai daraja. Abin da ya fi komai tsada a ɗaki, cikin gilashi yake zama, a kan shimfiɗa, a lulluɓe. Ita da ta saba da 'yar ƙaramar da ake ɗorawa a cinya, ga kuma abin da rayuwar 'ya'yanta ta rataya a kai, ina za ta ajiye shi in ba a wurin da ya fi kowanne martaba ba? Karramawar ce ta shaƙe shi. Ya ji zafi ya kai masa wuya, ya kashe kansa don kada ya ƙone, kuma wannan ma alamar lafiya ce.

Na ce su fito da shi, su cire mayafin da bargon, su ɗora shi a kan kujera 'yar tsugunno, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da bango. Maganar auta kuma na ce zan sa kafinta ya yi masa keji na katako mai faɗin ramuka. Na tura mata zare ta ƙarƙashin labule na ce ta riƙe a bayansa.

Ta ce, "Yana rawa, Malam. Ya miƙe sosai."

"Sa bayan hannunki. Zafin kamar na me?"

"Kamar numfashin mutum."

"Madalla. Sake ɗora masa."

Wannan karon ƙarar a buɗe take, daidai, ba hawa ba sauka. Ya wuce rabi, ya wuce inda ya mutu ɗazu. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, akwatin batir ya fara kuka, na ji Hajara ta yi salati. Na ce kada ta taɓa komai. Mama Nkechi ta ƙwala wa mijinta kira, aka ja janareta, injin ko gezau bai yi ba. Can ta ce, da wata murya da ban ji ta da ita ba tun zuwanmu, "Ya gama, Malam. Ya fitar."

Na juya na ce, "Alhaji, injin nan ya yi. Na faɗa a gaban Allah."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Na ji, kuma ba zan saɓa ba. Inji ya yi." Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ita fa? Inji ba shi zai ci da yara ba."

Wannan ba tambayata ba ce, ba ni da mitar auna ta. Abin da ya rage mini a aikina sauti ne kawai, in ji ko sifikun suna gurnani ko suna tsatsa in an ƙure su. Na ce ta kunna wani wuri da ba a taɓa ba tukuna, ta ɗaga murya sosai.

Wurin ɗaurin aure ta kunna. Hayaniyar maza ta cika lungun, maroƙi yana ta zuba kirari, kalangu yana amsawa daga nesa, komai tas kamar a wurin muke. Sai wata murya ta taso a kusa, ta bayan kyamara, ta fi kowacce kusa:

"Ango, ɗago kai mana, ba kotu aka kawo ka ba! Yauwa. Baba, ɗan matsa, kana tare mini hasken Allah."

Sai dariyarsa.

Alhaji ya dafa bango. Mama Nkechi ta ɗora hannu biyu a ka ta juya baya. Ni kaina sai da na cire tabarau, don Sabi'u ne sak, kamar zai ɗaga labulen ya fito yana tambaya ko an ci abinci. Tun da ya kwanta ba wanda ya buɗe wannan wurin na ɗaukar, ita ma yanzu take jin ta.

Sautin ya tsaya. Sannan na ji ƙas, ƙas, ƙas, hannu yana aiki, a hankali da farko, daga baya da sauri irin na wanda ya san hanya. Ta sake kunnawa. Ga hayaniyar, ga maroƙi, ga kalangu, kirarin ya tafi santal bai yanke ba. Muryar Sabi'u babu ita. Na kasa kunne iya iyawata in ji inda aka yi ɗinkin, ban ji ba.

Alhaji ya ce, "Hajara, ina muryar?"

"Na cire, Yaya." Ta tsaya ta ja numfashi. "Masu biki ba ita suke so su ji ba. Kullum sai na cire masa. Surutu gare shi in yana ɗauka."

"Kullum?"

"Tun da ya fara."

Ya zuba wa labulen ido, kamar yau ya fara sanin wadda ke bayansa. Can ita ta ce, "Malam, wanda na yanke ɗin nan, ban so in zubar. In na ajiye shi daban, wurin zai isa?"

Na ce, "Zai isa, Maman Ummi. Ko na duk bukukuwan da ya bari kika tara, ba za su cika shi ba."

Alhaji ya share fuska da hannun riga. Sannan ya ce wa Hajara:

"Ki tara su. Duk inda ya yi magana, ki tara ki sa mini a waya. Jibi zan bi motar shanu in koma, Inna kuma za ta tambaye ni abin da na kawo mata." Ya sunkuyar da kai. "Yaran, zan ce mata sai an yi hutun makaranta."

Daga ciki na ji kukan Hajara. Mama Nkechi ce ta ɗaga gefen labulen ta shige wurinta. Alhaji ya jawo bencin ya ƙara matsawa bakin ƙofa, ya ce in ta samu natsuwa ta sake sa masa wurin angon nan. Ni kuma na tattara kayana a hankali, na bar su suna neman inda ya sake magana.